Lissafin Ruwa

Takarda ce ta kawo ni, ba marmari ba.
Layi biyu da hatimi: jihar Damagaram.
Na naɗe katifa, Barira ta ɗaure tukwane,
muka bar Gaya kogi na cike har wuya.
A mota muka kwana. Da gari ya waye
na leƙa ta taga, ido na farautar ruwa,
sai duwatsu, manya, wani bisa wani,
zaune kamar dattawan da suka riga ni zuwa fada
kuma ba mai niyyar matsa mini.

Ni ɗan masunta ne, jikan masunta.
Ban taɓa sanin ruwa na da ranar zuwa ba.
A Garin Malam aka koya mini.
Pampo sai ya yi kwana huɗu bai ce uffan ba,
daren na biyar ya yi tari, ya yi kaki,
Kiyari maƙwabci ya daki katanga:
"Mushe, tashi! Babban baƙo ya iso!"
Mu fito da bido, ido rabi a rufe,
ni da nake koya wa yara lissafi da rana
ga ni ina koyonsa da dare, ɗigo-ɗigo.

Wanda ya wanke shinkafa shi zai wanke kwano,
wanda ya wanke kwano ba a zubar da shi,
akwai zogalen da Barira ta dasa bayan ɗaki
tana cewa ko ba ya yi, ta dai dasa.

Tsahara ta dawo lakwal ranar farko
ta ajiye allo, ba ta taɓa tuwo ba.
Wai ta ce "mi?" aji ya kwashe da dariya.
Mako guda ɗiyata ta ɗinke baki.
Yau kuwa, in na ce mi, ita ke gyara ni:
"Baba, me ake cewa."
Nakan yi murmushi.
Wani abu ƙarami yakan faɗi a ƙirjina,
ba na jin ƙararsa sai na kwanta.

Ran Alhamis na je kasuwar Dole
na sayo banda ta jikka guda, don kewa.
Barira ta shinshina, ta juya ta, ta ce
wannan kifin bai san sunanmu ba.
Muka ci duk da haka. Har ƙaya muka tsotse.

Inna ta kira, murya na yankewa:
bana kogi ya cinye shinkafar Baffa Namata,
ya shiga ɗakuna, ya tafi da awaki biyu.
Na ce Allah ya mayar da alheri.
Ban faɗa mata ba, don kunya,
cewa a zuci na ƙirga ɓarnar da bido.

Da hutu ya zo muka je gida.
Ina zaune ƙofar Inna, ɗan ƙanena
ya sheƙar da bokiti cike a ƙasa, don wasa.
Ban san lokacin da na miƙe da tsawa ba.
Kowa ya dube ni. Kogi na can yana wucewa,
ko a jikinsa.
Inna ta ce, "Damagaram ta shiga yaron nan."

Ban ce nan gida ba ne. Ban kai can ba tukuna.
Har yanzu in na rufe ido kwalekwale nake gani.
Amma zogalen ya wuce katanga,
matar Kiyari na tsinka ta ɓangarensu ba sai ta tambaya ba.
Jiya kuma, wajen ƙarfe biyu na dare,
na ji pampo ya gyara murya.
Na saurara. Shiru, Kiyari bai motsa ba.
Na tashi, ba takalmi,
na daki katangarsa.