Masallacin Kan Dutse

Dogon hutu ne, damina ta yi tsakiya,
Baba ya ce mu je mu ga inda kakansa ya yi halwa.
Muka hau a-kori-kura daga Rano,
mu biyar da buhunan takin wani.
Hanya ta ƙare a gindin tsamiya,
daga nan sai sayyada.

Gero ya fi ni tsawo.
Gwaggo Tasalla ta tuɓe silifas ta riƙe a hannu,
wai dutse ba ya shiri da roba.
Nafi'u ya ƙirga taku ɗari da bakwai,
ƙadangare ya gifta, lissafi ya zube.
Umma na baya da kwanon dambu a ka,
ba ta ce ta gaji ba,
numfashinta ne ya tona mata asiri.

Ni hasumiya na zo gani,
koren fenti, lasifika, agogon bango.
Sai ga duwatsu a jere, iya gwiwata,
ba rufi, ba ƙofa,
alƙibla wani dutse ne da ya ɗan ɗara 'yan'uwansa.
Kashin awaki a sahun gaba.

Na ce, "Shi ke nan?"
Baba bai tanka ba.
Ya karyo reshen sabara ya hau shara.

Ruwan sama ya kwanta a wani kwarmi,
muka yi alwala, 'ya'yan kwaɗi na tsere wa yatsunmu.
Ga wasu ramuka biyu, sumul, a gefe.
Gwaggo ta ce gwiwoyin Malam ne suka cinye dutsen.
Baba ya ce kai, maniƙar matan dā ce.
Suna ta musu, ni kuwa na durƙusa na gwada.
Sun yi mini faɗi.

Da aka sallame, Baba bai tashi ba.
Ya ce rabonsa da nan tun yana wuyan mahaifinsa.
Ya daɗe yana kallon gabas
har hadari ya taso daga inda yake kallo.
Ban taɓa sanin ruwa na da ƙafa ba
sai ran nan, da na ga yana taka gonaki ɗaya bayan ɗaya,
yana nufo mu.

A kogo muka fake, warin jemage ko'ina,
muka cinye dambun har da suɗi.

Za mu sauko na jefa tsakuwa a aljihu.
Gwaggo ta gani.
"In kowa ya ɗauki ɗaya, a ina jikanka zai yi salla?"
Na mayar. Na ƙara da wata.

Da aka koma makaranta, aka ce a rubuta labarin hutu.
Na rubuta: na yi la'asar a masallaci marar rufi.
Malam Ilu ya ja layi da jan biro,
ya rubuta a sama: kango.

Ban yi gyaran ba.