Darasi na Sha Bakwai

Bayan isha'i na rufe shagon ɗinki,
na kakkaɓe zare daga gwiwa,
na buɗe baƙin akwatin da Ajidan Barmo ya ba ni aro.
Gaɓa biyar, kowace kwance a gurbinta.
Na shafa man kaɗe a mahaɗi
don maikon kanti ya ƙare tun bara,
na jiƙa harshen gora da miyau,
kilarinat ta miƙe a hannuna.

Darasi na sha bakwai.
Ban san wanda ya rubuta shi ba,
amma na san tausayi bai dame shi ba.
Shafi guda, ɗige-ɗige sun cika shi
kamar tururuwa ta sami sukari,
bai bar wa mutum wurin jan numfashi ba
sai can ƙasa, dab da ƙarshe.

Layi huɗu na farko lafiya lau.
A na biyar akwai wani rami
tsakanin la da si:
yatsa ɗaya ke bakin aiki,
sai a ce sauran duk su sauka tare,
ba mai riga wani, ba mai latti.
Ni da nake zura zare a allura ina hira,
ƙaramin yatsan hagu ya mai da ni ɗan koyo.
Kullum a makare yake zuwa,
ita kuwa ba ta rufa asiri,
sai ta ƙwala ƙara kamar zabuwar da aka taka.

Karnukan Bagalam sun haddace wurin.
Ta bayan katanga Inna Tamo ta ce,
"Tela, wai ba a yanka abin nan a huta?"

Ran Lahadi Ajidan ya zo da makullinsa,
yana ƙwanƙwasa kofin shayi, ƙwas, ƙwas, ƙwas.
"Cizon ta kake yi.
Shekara talatin na busa a fanfar,
ban ga wanda ya ci ta da haƙori ba.
Saki leɓe. Iska daga ƙasan cibiya.
Rage gudu, ba kabu-kabu kake tuƙi ba."

Na rage.
La. Si. La. Si.
Sauti biyu kacal, har kuran ya ɗauke,
har zufar bazara ta sa maɓallai santsi,
har leɓena na ƙasa ya yi kanta.
Harshen gora ya tsage a dare na ashirin da uku,
saura ɗaya cikin kwalin da motar Yamai ta kawo.

Wata safiya ina yanka yadi
na ji fito a bakin famfo.
Nomau ne, jikan Inna Tamo, da jarka biyu,
yana fito da darasina tun daga farko.
Da ya zo layi na biyar sai ya tsaya cak,
ya yi kukan zabuwa,
ya wuce abinsa.
Shi a wurinsa haka kiɗan yake.

Daren jiya ban shirya komai ba.
Hankalina na kan rigar da zan ba mai ita gobe,
sai kawai na ji ni a layi na shida.
Ramin ya wuce ƙarƙashina
kamar gadar Gulbi in mutum ya yi gyangyaɗi a mota.
Na kai ƙarshe, na sauke, ƙirjina na bugawa.
Shiru. Ko kare bai tanka ba.

Can sai murya ta haye katanga:
"Tela, yau ka ɓata.
Ka tsallake wurin kukan."

Ban gaya wa Ajidan ba tukuna,
na san zai ce sau ɗaya sa'a ce.
Na goge bakinta da ƙyallen atamfa,
na koma layi na biyar,
na ja numfashi.
La.
Zabuwa ta ƙwala.

Nomau ya ce, "Yawwa."