Gwangwanin Murya

A Katako na tsinto ta, ranar Laraba,
ƙarƙashin tulin fankoki marasa fukafukai:
tsohuwar rikoda, baki wangame,
ta haɗiye kaset ɗin wani ta mutu da shi a ciki.
Ɗari bakwai, in ji mai gwangwan.
Na ce biyar. Ya ce ɗauka, ai gawa ce.

Gawa ce, amma da sauran hanji.
Na kwance ta a tabarma, noti bayan noti,
na zaro turansisto biyu masu ƙafa uku-uku,
da kafasitan da bai kumbura ba,
da 'yan ƙwayoyin nan masu jigidar launi a ƙugu.
Sauran na roƙo wurin Davou mai gyara a Dilimi.
Ya ara mini mitarsa, ya ce in dawo da ita da rai.

Duk don Jatau ne, kakana.
Shekara talatin yana haƙar kuza a Bukur,
rami ya ba shi kwabo, ya karɓe huhu.
Yanzu in zai yi magana sai ka kai kunne leɓensa.
Makirufo ma kunnen uwar shegu ya yi masa,
abin da yake kamowa bai kai kukan sauro ba.

Daren farko aka ɗauke wuta ina tsakar liƙi.
Na tura ƙusa cikin garwashin Inna na ci gaba,
sanyi na cizon yatsu, ƙusa na ƙona su,
dalma na narkewa da ƙamshin ƙaro.
An ce da kuza a cikinta.
Wa ya sani ko daga kwanonsa ta fito,
ta sha yawon duniya, ta dawo gida a nannaɗe?

Na jona batir. Shiru.
Na gyara ƙafar da na sa a baibai. Sai gurnani,
dogo, kamar injin niƙan Unguwar Rogo.
In na taɓa waya ya ƙaru, in na saki ya ragu.
Kwana uku muna kokawa,
har wata tasha ta shigo ba sallama
tana karanta farashin taki.
Davou ya yi dariya: ai tsirara ka bar shi!
Sa masa rigar ƙarfe, ɗaure baƙar waya a jikinta.

Gwangwanin sardin na wanke da toka,
na huda, na kwantar da shi ciki.
Gurnani ya mutu. Saura ɗan huci siriri,
kamar yayyafi a kwanon maƙwabta.

Bayan la'asar na kai wa Jatau.
Ya dubi gwangwani, ya dube ni.
Na murɗa a hankali.
Tari ne ya fara fita daga lasifika,
ƙaton tari, har kaji suka watse.
Ya ce, wane ne wannan?
Ɗaki ya ɗauka da muryar da ban san shi da ita ba,
ta mai kiran mutane daga bakin rami.

Tambaya goma na rubuto a takarda.
Bai amsa ko ɗaya ba.
Sunaye ya shiga kira:
Gyang, Barau, Sallau Dogo, Dung ƙarami,
waɗanda ƙasa ba ta mayar ba,
yana dakatawa bayan kowanne
ko za a ce na'am.

Batir ya ƙare a na goma sha bakwai.
Ya ce gobe in sayo biyu.