Matakala Hamsin da Uku

Kakata Golnesa ta ce in kai ta.
Shekara sittin rabon ƙafarta
da tsohon rumbun ruwan unguwa,
wanda birninmu, nan bakin saharar Iran,
ya share, ya rataya wa fitilu,
ya ce daga yau tarihi zai riƙa ajiyewa.

A ƙofa aka ce mu yanki tikiti.
Ta dubi yaron, ta dube ni:
"Da can tulu kawai ake tambaya."
Na biya. Ta ja tsaki, ta dafa bango.

Matakala hamsin da uku.
Ba ta kalli allon da ya faɗi adadin ba,
gwiwoyinta ne suka riƙe lissafi.
A ta ashirin sanyi ya tarye mu,
wanda hasumiyoyin iska ke ɗurawa ƙasa
tun kakan kakanta na goye.
A ta talatin da ɗaya ta tsaya:
"Nan na fasa tulun Mahbanu,
na ɗora wa kyanwa.
Har ta koma ga Allah ban faɗa mata ba."

Can ƙasa famfon tagulla na nan,
an goge shi fes, maƙoshinsa a bushe.
An huda bango an yi ƙofa,
muka tsaya da takalmanmu
inda tsayin mutum biyar ke nutsewa a da.
Tabon ruwa layi-layi a jikin gini:
shekarar ƙoshi can sama,
shekarar fari daidai ƙugunta.

Wata 'yar na'ura a lungu
tana ta ɗis, ɗis, ɗis, don baƙi.
Ta ce, "Ƙarya take yi.
Namu ba ya ɗiga. Numfashi yake."

Sai ga hoto cikin gilashi:
mutum da salka, ya karkace hagu.
An rubuta: ɗan garuwa, ba a san sunansa ba.

Ta daɗe.

"Esfandiyar ne. Babana.
Wannan kafaɗar ko a likkafani ba ta miƙe ba."

Mai gadi, Faramarz, ya sosa ƙeya,
ya ce gyaran allo sai da takardar ofis,
ofis kuma sai bayan hutu.
Duk da haka ya zaro biro,
ya rubuta sunan a bayan tikitinmu,
ya soke shi a gefen gilashin,
yana waige kamar mai satar nama a miya.

Hawa ya fi sauka tsada.
A sama ƙishi ya kama ta,
na sayo ruwan gora, mai sanyin firji.
Ta kurɓa sau ɗaya,
ta juya ta tsiyaye sauran a bakin matakala,
yadda muke yi a bayan matafiyi
don ya dawo.

Muka tsaya muna ji yana gangarawa.
Ya san hanya.