Galan Huɗu

Ƙarfe biyu da kwata, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
ni kaɗai a ɗakin kira, ni da fitilar caji mai kashe ido.
Injin wuta ya yi shiru tun watan Sha'aban,
man da zai sha yana cikin wata takarda a Kaduna
tana jiran sa hannu.

Waya ta yi ƙara.
Muryar yaro ce, ba ta gama buɗewa ba:
"Katanga ta faɗa wa ƙanena. Jushi, bayan injin niƙa.
Mun tono shi. Yana numfashi, amma ba ya amsa sunansa."
Na ce, "Wa ke magana?" Ya ce, "Nafi'u."
"Nafi'u, kar a ɗaga wuyansa, kar a ba shi ruwa.
Riƙe hannunsa. Ga mota nan."

Ga mota nan.
Kalma uku, na yi kyauta da abin da ba nawa ba.
Motar tana Ƙofar Doka, fara fat,
da sunan jiha a haƙarƙarinta.
Ranar da aka kawo ta har ƙyalle aka yanka, aka yi tafi.
Allurar manta kuwa ta kwanta a kan ja tun shekaranjiya.

Na kira Malam Tanimu direba.
Ya saurara da kunnen barci, ya yi jim,
ya ce, "Barira, albashin nan wata nawa ke nan?"
Na ce, "Biyar."
Ya ce, "Biyar." Na ji yana laluben takalmi.

Sauran labarin daga baya na ji.
Ya tashi wani ɗan bumburutu a Tudun Wada,
ya ce masa bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Yaron ya ce shi nasa cikin ya cika.
Sai Malam ya zaro wayarsa ya ajiye jingina:
galan huɗu.
Jushi, Kwangila, Samaru, Shika.

Ni kuwa ina riƙe da Nafi'u a kan layi
kamar mai riƙe guga a bakin rijiya.
Na ce, "Me ƙanen naka yake so?"
Ya ce, "Rake. Da tantabaru. Yana da guda tara."
Minti talatin da takwas muna zancen tantabaru,
wacce ke kwanci, wacce mage ta kusa ci,
har na jiyo jiniya ta cikin wayarsa
sannan batirin ya ɗauke.

Da asuba wata nas ta aiko da saƙo:
yaron ya buɗe ido,
yana tambaya ko an rufe wa tsuntsayensa ɗaki.
Na rubuta a littafin aiki: kira na sha ɗaya, an kai, yana raye.
Littafin ba shi da gurbin da ake rubuta wanda ya biya.

Ƙarfe bakwai, rediyon maigadi ya ce
an ware miliyoyi domin kiran gaggawa.
An ware.
Bara ma an ware, bara waccan an ware.
Tuwo ne aka ware wa baƙo, aka rufe da faifai,
aka kulle ɗakin aka tafi da mabuɗi.
Ku masu biro, ba roƙo nake ba.
Wata rana hanyar Kano za ta biyo da ɗayanku cikin dare,
kuma lambar nan ɗaya ce ga kowa.

Ina naɗe sallaya, waya ta sake ƙara.
Mace ce, daga Dogarawa, tana haki:
tirela ta bi ta kan mai babur.
Yatsana ya tafi da kansa kan lambar Malam Tanimu.
Ta shiga. Aka ɗauka.
Wata murya ta ce, "Mai ita ya bar ta jingina, Hajiya.
Ke ce za ki biya galan huɗun?"