Ranar Hoto

Habsu mai hoto ta shafa mini mai sanyi a ƙirji,
na'ura ta hau yawo kamar dutsen guga.
A allo, hadarin Agusta:
toka, toka, sai ƙwaya ɗaya baƙa,
ba ta kai gujiya ba.

Lawali na ƙasa yana jera marufan kwalba,
ja bayan ja.
Shekara shida, bai taɓa cewa inna ba.
A Bagalam sun ce iskoki ne,
likitar Yamai ta rubuta wani dogon suna.

Aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya.
Cikin duhun ya lalubo hannuna,
ya danƙa mini marfi ɗaya.
Shi da ba a taɓa masa layi,
yau da kansa ya bar giɓi.