Ruwa Ma Yana Ƙoshi

Baba na sayar da kanwa a Mil Sha Biyu,
ungurnu, jar kanwa, da gishiri a mudu.
Ni Yaba nake nufa tun asuba,
in sa farar riga, in ɗauraye kwalabe,
in jira Madam Ajayi da makullin kabad.

Ran nan ya ce, Tabawa, wai me kuke yi
a ɗakin da ko gyaɗa an hana ku ci?

Na ce, Baba, abu uku muke kiwo.
Akwai daskararre, mai taurin kai,
a cokali ko a faranti, siffarsa tasa ce.
Akwai mai ruwa-ruwa, ba ya gardama,
kwalba ta ce tsawo, ya miƙe,
tasa ta ce faɗi, ya baje.
Iska kuwa ba a ba ta amana sai da murfi.

In na auna gishiri na zuba a ruwa,
shi ne mai narkewa, ruwan mai narkarwa.
In motsa da sandar gilashi
har ido ya neme shi ya rasa,
sai mu rubuta: narkakken haɗi.
In na yi ta ƙari, ruwan ya kan ƙi karɓa,
saura ya kwanta a gindi,
mu ce ya ƙoshi.

Ya yi dariya har carbi ya faɗi.
Ya ce, wannan ne ake biyan ki?
Uwarki, Allah ya jiƙanta, haka take jiƙa kanwa,
ta tsiyaye na sama don miyar kuɓewa,
ta watsar da gwiɓar bayan ɗaki.
Uwar gami kuka sa wa farar riga.

A cikin danfo, go-sulo ya riƙe mu a Ojota,
na yi ta juya maganar.
Shekara talatin da ɗaya yana Ikko.
Da Yarbanci yake ciniki, da shi yake faɗa,
ya fi son amala da gbegiri a kan tuwona.
A kasuwa in ba hula, ba ka tsince shi.

Washegari na ɗora ruwan gishiri a wuta,
ƙaramar tasa, harshen wuta shuɗi.
Tururi ya tashi ya tafi abinsa.
A gindin tasar ga shi nan fari fat,
ƙwaya ƙwaya, ko kusurwa ɗaya bai ɓatar ba.

Da dare, bayan hayaniyar ta ƙafe,
na ji shi ta labule yana ƙirga ciniki,
a hankali, da Hausar Gumel.